Wanda Ke Gadin Ramin Gaiwa

Sau uku Mai Magani tana rubuta maganar nan, sau uku ana goge ta, kuma hannu ɗaya ne yake gogewa. Ranar da aka yi na ukun tana tsaye a bayan teburin sayarwa, a kantin maganin da take aiki, farar riga a jikinta, waya a hannu. Ta ja wani dogon tsaki, har tsohuwar da ta zo sayen maganin tari ta waiga ta duba ko da ita ake.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifinta masunci ne. Ya yi shekara hamsin da ɗoriya a kan ruwa, sai da gwiwoyinsa suka ce sun gaji sannan ya yarda ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta a cikin gari. Wata bakwai da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar masa 'yan kalmomi, su ma sai ya yi da gaske suke fita. Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma in ya dawo ba kowa yake bari da hankalinsa ba. Tun daga nan, kullum in ta taso aiki da la'asar sai ta ja kujera kusa da gadonsa tana karanta masa abubuwa a waya. Labaran duniya ba su dame shi ba, ƙwallo kuwa barci take sa shi. Amma a ambaci kifi, sai ka ga ido ya buɗe tar.

Wata rana ta nemo masa gaiwa a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Duk cikin kifaye gaiwa ce ta Baba. Doguwa ce kamar maciji, tana da huhu kamar mutum, in fadama ta ƙafe sai ta nutsa cikin laka ta naɗe kanta da yauƙi, ta yi kwanciyarta har ruwa ya dawo. A shafin kuwa layi uku ne kacal: kifin ruwan daɗi ce, tana da tsawo, ana cin ta. Baba ya kasa kunne yana jiran ci gaba. Da ya ji shiru, ya murguɗa ɓarin bakin da ke motsi.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Baba.”

Ya juya fuskarsa bango. Abin ya taɓa ta ƙwarai, don ta san ba shafin kaɗai ya juya wa baya ba. Duk abin da ya sani yana kulle a cikin kansa, makullin kuma ya lanƙwashe. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, “Ni zan cika shi. Duk abin da ka koya mini zai shiga, kuma zan karanta maka da bakina.” Bai juyo ba, amma hannun hagun ya lalubo nata ya matse.

Mako biyu ta yi tana rubutu a lokacin hutun rana, abincinta na hucewa a kan kwalin sirinji. Ta rubuta huhun, ta rubuta kwanciyar laka da 'yar kafar da gaiwa ke bari don shan iska, ta rubuta cizonta da masunta ke shakka. Daga ƙarshe ta rubuta abin da ya fi kwanta mata a rai: cewa da damina uwar gaiwa takan zauna a rami cikin ciyawar fadama tana gadin ƙwai da 'ya'ya, tana kaɗa musu ruwa da wutsiya, ba ta barin su ko da za a kama ta. A wurin da aka ce a faɗi madogara, wato inda aka samo maganar, ta rubuta da alfahari: “Mahaifina, masunci.”

Wannan ba a littafi ta ji ba. Tana da shekara biyar, mahaifiyarta ba ta daɗe da rasuwa ba, babu wanda za a bar wa ita, sai Baba ya riƙa sa ta a jirgi yana fita da ita. Wata safiya ya tsayar da jirgin a cikin ciyawa, ya buɗa ta da filafilin tuƙin jirgi, ya nuna mata wani rami a ƙarƙashin ruwa. Ga wasu ƙanana baƙaƙe kamar talibambam, ga wata babbar inuwa a bakin ramin tana kaɗa wutsiya a hankali. Ya ce mata uwarsu ce. Ta manta fuskar tata uwar, amma wannan safiyar ba ta taɓa ɓace mata ba.

To, wannan sakin layi shi ne wani edita mai kiran kansa Jan Biro ya bi ya goge har sau uku. Sauran rubutun bai goge ba. Bin sa ma ya yi layi-layi, ya gyara mata waƙafi, ya liƙa wa kowace magana sunan littafin da ya tabbatar da ita da lambar shafi. Amma mai fushi ba ya ganin irin wannan alheri. Ita dai abin da ta gani shi ne ramin da aka bari a tsakiyar shafin, da 'yar takardar da ya ajiye mata a shafin tattaunawa:

“Malama, sannu da ƙoƙari, shafin ya yi rai. Amma ƙa'idarmu ita ce duk maganar da za ta zauna a nan sai an riga an wallafa ta a wani wuri da mai karatu zai iya zuwa ya duba. Abin da mutum ya ji daga wani, ko ya gani da idonsa, ba ma sa shi, ko da gaskiya ne. Sannan littattafai biyu da ke gabana sun ce namijin gaiwa ne ke gadin rami, ba macen ba.”

Namijin! Ta karanta kalmar ta sake karantawa. A ranta ta riga ta zana Jan Biro tsaf: wani mai sanƙo ne da tabarau a kan karan hanci, wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa a fadama ba, kifi ma sai a faranti yake ganinsa.

Maigidanta direban motar asibiti ne, mutum mai sanyin hali da tsokana, wanda ke kiran ta Likita. Da yamma ya same ta a kicin tana yanka albasa kamar albasar ce ta yi mata laifi.

“Likita, yau kuma wa ya taɓo ki?”

“Mutumin nan ne. Wai Baba ba madogara ba ne. Shekara hamsin a ruwa! Littafin da yake taƙama da shi ya taɓa shiga jirgi?”

Direba ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu. “Bari in tambaye ki. Jiya wani bawan Allah ya zo kantinku ya ce a ba shi maganin nan mai ƙarfi, ya rantse likita ne ya ce ya sha. Kin ba shi?”

“Ina takarda? Ba takarda, ba magani.”

“Ƙarya yake yi?”

“Ni na sani? Wataƙila gaskiya yake faɗa. Amma in na ba shi da baki, gobe goma za su zo da baki.”

“To,” in ji Direba, ya ɗauki yankan tumatir ɗaya ya jefa a baki. “Ashe ke ma Jan Biro ce.”

Ta bi shi da ludayi har tsakar gida. Ta yi dariyar da ba ta so yi ba, amma zuciyarta ba ta sauko ba. Washegari da safe, kafin masu saye su fara shigowa, ta zauna ta rubuta wa Jan Biro amsa mai zafi. Ta ce mahaifinta ya yi shekara hamsin a ruwa, yanzu yana kwance, rabin jikinsa ba ya aiki, ta yi masa alkawari, kuma ba ta san kwana nawa suka rage da zai fahimci abin da take karanta masa ba. Ta ce in littattafansa sun fi Baba sanin gaiwa, to su zo su kamo guda ɗaya a gani. Ta aika, sannan ta ji kunya kaɗan, amma ba ta janye ba.

Ta yi zaton ko zai yi mata kunnen uwar shegu, ko ya rufe mata shafin gaba ɗaya. Kafin azahar sai ga amsa.

“Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alherin jinya. Ban ce bai sani ba. Na tabbata ya fi ni sanin kifin nan nesa ba kusa ba, don ni ko iyo ban iya ba. Abin da na ce shi ne mai karatu ba zai iya zuwa ɗakinsa ya tambaye shi ba. Amma bari mu bi ta wata hanya. Masu binciken kifi ba su iya komai sai da masunta. Mutum mai shekara hamsin a ruwa, da wuya a ce babu wanda ya taɓa zuwa wurinsa da littafin rubutu. Ki tuna, ko ki tambaye shi. In an taɓa rubuta maganarsa an buga, wannan madogara ce, kuma ni da kaina zan taya ki sa ta.”

Ta ba wani mutum maganin ciwon kai, ta auna wa wata mata hawan jini, duk hankalinta na can baya. Sai ga shi ya faɗo mata: wani dogon mutum mai takalmin roba har gwiwa, da ɗan littafi a aljihun gaba, wanda ya yi damina guda yana bin jirginsu. Ruwa ya taɓa cin hularsa, Baba ya tsamo masa ita da filafili, ita kuma ta yi ta dariya har da shaƙuwa.

Da la'asar ta zauna kusa da Baba ta ce, “Baba, ka tuna mutumin nan mai takalmin roba? Mai rubuce-rubuce?”

Ido ya buɗe. Bakin ya yi ta kokawa da wata kalma, ta ƙi fita. Da ya gaji sai ya miƙa hannun hagu ya nuna ƙarƙashin gado. Nan akwatin ƙarfensa yake, wanda ya zo da shi daga bakin ruwa, kuma tun zuwansa babu wanda ya buɗe. Ta jawo shi. Warin tsatsa da tsohon zare ya buge ta. Ga ƙugiyoyi a cikin gwangwani, ga allurar ɗinkin koma, wato ragar kamun kifi, ga wani ɗankwali da ta gane na mahaifiyarta ne ba tare da an faɗa mata ba. A can ƙasa akwai ambulan da ya yi ja don tsufa, da hatimin wata cibiyar binciken kifi a goshinsa. Wasiƙa ce gajeriya da aka buga da tafireta: ana gode masa, ana sanar da shi cewa aikin da suka yi tare ya fito a mujallar cibiyar, fitowa ta kaza, shekara kaza. Baba bai iya karatun boko ba. Shekara arba'in ke nan yana ajiye da takardar da wani ya karanta masa sau ɗaya.

Ta ɗauki hoton wasiƙar ta tura wa Jan Biro. Ya bincika ya ce mujallar ba ta intanet, tsohuwa ce, sai dai a je laburaren cibiyar. Ya rubuta mata abin da za ta kwafo dalla-dalla: sunan marubuci, sunan maƙala, shekara, lambar fitowa, lambar shafi, da hoton shafukan da kansu. Ya ƙara da cewa, “Duk abin da kika tarar a ciki, shi za mu rubuta, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Kin yarda?” Ta ce ta yarda, don ba ta da ko ɗigon shakka.

Ranar hutunta Direba ya zauna da Baba, ita kuma ta shiga mota ta yi tafiyar awa uku. Laburaren ɗaki ne dogo a bayan ginin cibiyar, fanka ɗaya na juyawa, sauran ukun sun yi ritaya. Mai kula da shi wani dattijo ne da ke ɗaure tabaransa da zare. Ya karɓi wasiƙar, ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto da ita.

“Hajiya, rabon da wani ya nemi wannan fitowar tun ina da baƙin gashi.”

“Akwai ta dai, Malam?”

“In gara ta yi mana adalci.”

Gara ta yi adalci, gefe kawai ta ɗanɗana. Ya hau tsani ya sauko da wani ƙaton kundi mai koren bango, ya buge shi a cinyarsa, su biyun suka yi atishawa. Ya buɗe mata a kan tebur kusa da taga, ya koma kujerarsa.

Maƙalar shafi tara ce, a kan yadda gaiwa ke hayayyafa a fadama. Ta bi ta da yatsa kamar mai duba takardar likita mai mummunan rubutu. A shafi na huɗu ta tsaya. Marubucin ya ce masuncin da ya yi masa jagora ya gaya masa tun ranar farko cewa kifin da ke zaune a bakin rami namiji ne, macen takan zuba ƙwai ta tafi. Ya ce shi da farko bai gaskata ba, sai da suka duba kifin da suka samu a ramuka goma sha huɗu, duka goma sha huɗun suka fito maza, kamar yadda masuncin ya faɗa.

Ta koma farkon sakin layin. Ta sake karantawa. Maganar ba ta canza ba.

A shafi na shida akwai hoto, baƙi da fari, ya ɗan dushe. Wani mutum ne tsaye a ruwa har ƙugu, faffaɗan ƙirji, yana buɗa ciyawa da filafili. A bayansa ga jirgi, a cikin jirgin ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya da kitson da duk wanda ya gani ya san namiji ne ya yi shi. A shafin ƙarshe, wurin godiya, ga sunan Baba cikakke, har da na mahaifinsa, an ce ba don shi ba da aikin bai yiwu ba.

Kuka ya zo mata ba sallama. Ta ja baya da sauri don kada hawaye ya ɗiga a takardar da gara ma ta tausaya wa. Dattijon ya turo mata kofin ruwa. Da ta natsu ta nuna masa hoton ta ce, “Babana ne. Wannan kuma ni ce.” Ya gyara tabarau ya duba hoton, ya dube ta, ya ce, “Kitson dai an samu ci gaba.” Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta yi masa godiya har sai da ya ce ta isa haka.

A mota ta tura wa Jan Biro hotunan shafukan. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta rubuta: “Kai ne da gaskiya. Namiji ne. Baba ma haka ya faɗa wa mai binciken. Ni ce na kawo kuskure, kuma saura kaɗan in liƙa masa shi da sunansa a gaban duniya. Ka yafe mini maganganun da na faɗa.”

Amsar ta iso kafin su kai rabin hanya.

“Babu abin yafewa. Yanzu na duba bayan littattafan nan biyu da na ce miki suna gabana. Ɗaya daga cikinsu, a kan wannan magana, maƙalar nan ya dogara da ita. Kin ga ashe tun farko da maganar Baba nake goge taki, ban sani ba. Ki gyara sakin layin da hannunki, ke ya dace. Sunansa ba zai shiga cikin bayanin kifin ba, don shafin na gaiwa ne, kuma ba a son mutum ya rubuta yabon nasa. Amma madogarar za ta zauna a ƙasa, duk wanda ya bi ta zai tarar da shi a shafi na tara. Ni ma mahaifina mai kiwon zuma ne, ni ce 'yarsa ta fari. Ya rasu da abubuwa cike da kansa, babu wanda ya zo da littafin rubutu. Na nema na gaji. Ke kin yi sa'a, 'yar'uwa, ki riƙe ta da kyau.”

Mai Magani ta kalli saƙon ta rufe baki. Mai sanƙon nan da tabarau, wanda ta yi mako uku tana yi wa tsaki, ashe mace ce, marainiya irinta. A ranta ta ce, ke dai wannan watan ba ki da sa'ar gane namiji da mace. Ta rubuta mata godiya, ta goge don ta yi kaɗan, ta sake rubutawa, ita ma ta yi kaɗan, ta aika haka nan.

Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai har ta iso gida. Ita ba mantuwa ta yi ba. Ta ji da kunnenta, a cikin jirgi, ya ce uwarsu ce. Kuma ga shi a damina ɗaya, a fadama ɗaya, ya gaya wa mai takalmin roba akasin haka.

Ta tarar Direba ya yi wa Baba aski ya jingina shi da matasai biyu, rana na shigowa ta taga tana sauka a kan bargon. Direba ya ga fuskarta, ya ce bari ya je ya duba mota, alhali lafiyar motar ƙalau.

Ta zauna. Ta fara nuna masa hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu har fuskar ta cika wayar. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan mutumin da ke cikin ruwa, sannan ya zame shi zuwa kan yarinyar, ya bar shi a nan.

“'Yar jirgi,” ya ce. Rabon da ya kira ta da sunan nan tun kafin ya faɗi.

Ta karanta masa shafi na huɗu, tana juya masa shi a hankali yadda zai gane. Da ta zo wurin ramuka goma sha huɗu, ya gyaɗa kai da ƙarfi, har da ɗan guntun murmushin wanda aka yi wa musu ya ci. Ta karanta masa sunansa a wurin godiya, sau biyu. Sannan ta ajiye wayar a cinyarta.

“Baba, ka san namiji ne tun can.”

Ya gyaɗa kai.

“To me ya sa ka ce mini uwarsu ce?”

Ya kalli silin. Bakin ya fara aikinsa mai wuya, leɓe na rawa, jijiyar wuya ta miƙe. Ta saba taya shi ƙarasa kalma, amma yau ta kama bakinta ta jira.

“Kin… tambaya.”

“Na tambaye ka?”

“Kin ce… ina… uwarsu.” Ya huta, ya ja numfashi. “Kina kuka.”

Sai sauran safiyar ta dawo mata, ɓangaren da ta yar a hanya shekara arba'in. Ita ce ta fara magana. Ta ga ƙananan a ramin, ta ce ina uwarsu, su ma tasu ta tafi ne? Ta fashe da kuka har jirgin na girgiza. Shi kuwa, mutumin da ya binne matarsa wata huɗu kafin nan, yana tsaye a ruwa da filafili a hannu, ya dubi inuwar da ke kaɗa wutsiya, ya ce a'a, ga ta nan, ba ta tafi ba.

Ta tuna kitson. Ta tuna yadda yake ɗaure ta da zani a jikin kujerar jirgi kada ta faɗa ruwa, da yadda yake cire mata ƙaya ɗaya-ɗaya kafin ya sa mata loma a baki, da hular da yake kifa mata in rana ta take, shi kansa a buɗe. Duk shekarun nan tana ba da labarin uwar gaiwa da ba ta barin 'ya'yanta, tana jin daɗinsa, ba ta taɓa tsayawa ta dubi wanda ya zauna a bakin nata ramin ba.

Ta ɗauki wayar ta shiga shafin. Ta rubuta sakin layin sabo, a gajarce, ba ado, yadda Jan Biro ke so: da damina macen gaiwa takan zuba ƙwai a rami cikin ciyawar fadama, namijin ne ke zama yana gadin ƙwan da 'ya'yan, yana kaɗa musu ruwa da wutsiya. Ta sa sunan marubuci, da shekara, da lambar fitowa, da shafi na huɗu. Ta duba waƙafi sau biyu.

“Baba, kawo hannunka.”

Ta kama yatsansa na hagu, mai tabon ƙugiya, ta ɗora a kan wurin wallafawa. Ya danna. Shafin ya buɗe sabo, maganar na zaune a tsakiyarsa da 'yar lamba a gefenta.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta yi ƙara. Jan Biro ce. Ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba, ta dai rubuta a shafin tattaunawa: “Ya zauna. A gaida Baba.”

“Ana gaishe ka,” in ji Mai Magani. “Wata baiwar Allah ce da ta hana ni yi maka ƙarya.”

Baba bai damu da wannan ba. Ya zungure ta da yatsa, ya nuna wayar.

“Sake.”

Ta gyara masa matashi, ta goge masa gefen baki da hankici, ta fara daga farkon sakin layin. Da ta zo wurin da aka ce namijin ne ke zama, muryarta ta karye, ta tsaya. Baba ya jira ta, kamar yadda ta jira shi. Sannan ya ɗaga hannun nan guda da ya rage masa, ya ɗora a kanta, ta ƙarasa karatun a haka.